Ina Uba a Cikin Littattafan Hira?

A shekarar 1934 abubuwa biyu suka faru waɗanda ya kamata mutumin Argungu mai karatu ya riƙe su. Na ɗaya, Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara garin nan, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tara masunta suka faɗa ruwa domin girmama baƙo, daga nan kuwa bikin kamun kifin da duniya ta san mu da shi ya kafu. Na biyu, can Zariya aka fara buga littattafan hira na boko waɗanda suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, watau Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin.

Mai karatu zai ce, to, me ya gama kifi da takarda? Abin da ya gama su a wurina shi ne uba. Cikin mutanen da suka faɗa ruwa a ranar nan, da wuya ka sami wanda ba ubansa ko ƙanen ubansa ne ya fara ɗora masa ciki bisa gora ba, ya nuna masa yadda ake buɗe homa a ƙarƙashin ruwa a rufe ta. Amma in ka buɗe littattafan nan, ka haɗa da Magana Jari Ce wanda ya biyo bayansu daga 1937, ka nemi uba irin wannan, mai zama da ɗansa yana koya masa abin da zai ci abinci da shi, za ka daɗe kana juya shafi. Na nema, na kuwa same shi wuri guda tak, shi ma ba mutum ba ne.

Kada a ɗauka raina littattafan nan nake yi. Da su aka buɗe wa Hausa ƙofa, da su kuma dubban mutanen da suka shiga ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 suka gane cewa baƙaƙen boko na iya sa mutum dariya shi kaɗai a zaure. Amma littafin da ake karantawa da dare, yara na kewaye da fitila suna saurare, ya wuce abin nishaɗi. Yaro yana jin yadda uban cikin labari ya yi, yana ɗaga ido ya dubi mai karanta masa. Sabo da haka ya cancanta mu binciki iyayen nan ɗaya ɗaya.

Mu fara da Ruwan Bagaja, tun da shi kowa ya fi sani. Mutane sun riƙe wasan kura da Alhaji Imam yake yi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, suna mantawa da abin da ya fitar da Alhaji daga Kwantagora tun farko. Mahaifinsa ya rasu, Liman ne ya auri uwarsa ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Ɗan Sarki ya kwanta ciwo, Liman ya ce a fada in da za a samo ruwan Bagaja da ya warke, aka wulakanta shi gaban jama'a, aka mai da shi mai zancen banza. Wannan kunya ita ce ta sa Alhaji ya ɗauki sanda ya shiga duniya shekara da shekaru. Ashe duk tafiyar nan, da ɗaurin da ya sha, da dukan da ya sha, domin ya wanke fuskar mutumin da bai haife shi ba ne. A nan Imam ya yi abin kirki ƙwarai, ya nuna riƙo yana kai wa inda jini yake kaiwa.

Amma fa ga inda na tsaya. Yaron da ya tashi gidan Liman, me ya ɗauko daga Liman? Ba karatu ba dai, gama mun ga yadda ya shiga ƙauye ya yi shigar malamai, ya ka da Malam Zurƙe gaban jahilai da wayo ba da sani ba, har aka bi mai ilmin da duka. Ba haƙuri ba, ba kamewa ba. Liman ya ba labarin dalili, sa'an nan aka jingine shi gefe kamar tabarmar da aka gama salla a kanta, ba a sake waiwayarsa sosai ba sai da tafiya ta ƙare. Mun ga abin da ɗa ya yi wa uba, ba mu ga abin da uba ya zuba cikin ɗa ba. Wanda ya karanta zai fita da cewa haƙƙi hanya guda yake bi, daga ƙasa zuwa sama.

Shaihu Umar ya fi wannan nauyi nesa, ni kuwa a ganina cikin biyar ɗin nan babu wanda ya kai shi natsuwa. Shi Umar bai ga mahaifinsa ba. Uwarsa ta auri Makau, wani bafaden Sarki, mutum mai kirki wanda 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla wa sharri bayan an komo daga hari, aka kore shi daga gari. Daga nan aka sace yaron, ya yi ta faɗawa hannu zuwa hannu har ya iso Kano, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi, ya mai da shi ɗa, ya sa shi karatu wurin Shaihu Mas'ud har ya zama malamin da ake zuwa ɗaukar ilmi wurinsa a Rauta. Watau iyaye maza uku ke nan yaro guda ya yi, huɗu in ka lissafa malaminsa.

To, ina so mai karatu ya lura da sana'ar biyu daga cikinsu. Makau, wanda muke jin tausayinsa, da me ya komo daga harin nan? Da bayi. Abdulkarim, wanda ya shafa kan maraya, me ya kawo shi Kano? Fatauci, bayi kuwa suna cikin hajarsa. Kowannensu uba ne nagari ga yaro ɗaya, alhali kuwa abincin gidansa daga raba waɗansu yara da iyayensu yake fitowa. Abubakar Tafawa Ɓalewa bai tsaya ya yi mana wa'azi a kan wannan ba, ya dai ajiye abin a fili ya wuce, wanda yake da ido ya gani. Wannan shirun nasa ya fi dogon jawabi amfani. Ga shi kuma da yaron ya ɓace, wa ya bi sawunsa? Uwarsa ce ta fita nema har ita ma aka kama ta aka sayar, ta sha wuyar da ta kashe ta jim kaɗan bayan ta sake ganin ɗanta. Mazan littafin suna riƙon yaron in ƙaddara ta jefo shi hannunsu. Macen ce kaɗai ta tashi ta bi shi.

Mu Kabawa bai kamata labarin yaron da ya girma hannun wani ya zame mana baƙo ba, domin yana cikin tarihin gidan sarautarmu. Bayan da Birnin Kabi ya faɗi a 1805, Kabawa ba su sallama ba, Sama'ila Karari ya riƙe yaƙi daga Argungu har aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame bai bi shi kabari ba, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar shi da rai, ya zauna hannun Sakkwatawa shekara goma sha wani abu. Masu tarihi sun ce a zamanin Aliyu Babba ya ceci ran ɗan Sarkin Musulmi a wurin yaƙi, aka sakar masa mara ya komo ƙasarsu. A 1849 ya ɗaga tutar ubansa, ya yi ta yaƙi har shi ma ya faɗi a 1854. Dubi wannan mutum: tuwon wani gida ya ci ya girma, jinin wani gida ke jikinsa, rana ta zo dole ya zaɓa. Ko wane dare nawa ya kwana bai runtsa ba kafin ya yanke shawara? Irin tambayar da littafin hira ya kamata ya shiga ke nan. Shi Umar na cikin littafi ba a taɓa matsa shi haka ba. Duk inda aka ajiye shi sai ya zauna lafiya, kamar ruwa cikin ƙwarya, har wani lokaci mutum yakan so ya ji ya yi fushi ko sau ɗaya da mutanen da suka mai da shi haja. Wannan shi ne raunin littafin in yana da rauni.

Ganɗoki ba zai tsai da mu ba. Yana da ɗa, Garba Gagare, wanda ya bi shi gabas suna ta sara da suka, amma yaron inuwar ubansa ce kurum. In ka cire sunansa ka sa na Ganɗoki babu abin da zai canja. Uba mai kirari ya haifi ɗa mai kirari, shi ke nan.

Sai Magana Jari Ce. Tushen littafin duka a kan son ɗa yake. Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji yana da mulki da dukiyar da ba ta ƙidayuwa, amma baƙin ciki ya hana shi sakat don ba shi da ɗa namiji, sai da aka tara malamai arba'in suka yi ta roƙo kana aka sami Musa. Da yaƙi ya taso tsakaninsa da Sarkin Sinari, Sarki ya fita daga, ya bar Musa cikin gida da bayi masu tsaro. Waziri kuwa yana neman hanyar da zai fitar da yaron ya hallaka shi. Wa ya tsare shi? Ba bayin ba, aku ne, tsuntsun da aka saya hannun wani Balarabe, shi ya yi ta jan hankalinsa da labari dare bayan dare har gari ya waye, har uban ya komo.

Na sha karanta wurin nan ina murmushi, domin ko Imam ya nufa ko bai nufa ba, ya zana mana manyan mutanenmu sarai. Sarki ya san ya roƙi ɗa, ya san ya yi shagalin suna, ya san ya kewaye shi da katanga da masu takubba. Abin da bai sani ba shi ne yadda ake zama da saurayi mai zafin jini a yi masa magana har ya huce. Wannan aiki sai ya faɗa wa tsuntsu. Da Musa ya saba jin hirar ubansa, ya san muryarsa da irin abin da zai iya umurta da wanda ba zai iya ba, da makircin Waziri bai kama shi da sauƙi haka ba. Attajirai da ma'aikata nawa muka sani waɗanda suka biya kuɗin makaranta, suka ɗinka rigar salla, suka ɗauka sun sauke nauyi, alhali ɗansu ya fi sanin ra'ayin mai shayin bakin tasha bisa ga nasu?

Uban da na ce na samu wuri guda, a littafi na uku yake. Aku ya zama Waziri, ya haifi ɗa, Fasih, ya zaunar da shi gabansa yana koya masa sana'ar gidansu, watau magana. Yana ba shi labari, yana gwada fahimtarsa, yana gyara masa, domin ya san ranar da ba ya nan da bakin nan yaron zai riƙe matsayinsa a fada. Ga uba ga ɗa ga sana'a a tsakaninsu, kullum, ba ranar salla kaɗai ba. A nan ne kaɗai na ji ƙanshin abin da na sani a bakin ruwa. Sai dai abin mamaki, da marubucin ya tashi nuna mana uba yana koyar da ɗansa baki da baki, sai ya sa wa uban fukafukai. Kamar dai abin ya yi nauyi a nuna ɗan Adam mai rawani yana yinsa.

Yanzu mu zo ga Jiki Magayi, wanda shi ne ya ɗauki maganar uba da ɗa ya sa ta tsakiya, shi ne kuma na fi jayayya da shi. Malam Shaihu attajiri ne marar haihuwa. Ya sami ishara cewa in ya auri wata yarinya, Zainabu, zai sami ɗa. Yarinyar kuwa tana da wanda take so, Abubakar, sun riga sun shirya. Malam Shaihu ya buɗe bakin jaka, dukiya ta rinjayi gidan su yarinyar, aka ɗaura aure, Abubakar ya rantse sai ya rama. Ya shiga dazuzzuka neman asiri, ya sha wuyar da ta lalata masa jiki, ya samo maganin da aka ba jaririn da aka haifa, Kyauta. Yaro ya tashi maƙaryaci ɓarawo, ya zubar da mutuncin ubansa, ya shiga duniya da miyagun abokai, har daren da aka shiga wani gida sata, ashe gidan tsohon ne, a nan ajalinsa ya same shi.

Ginin labarin yana da ƙarfi, babu musu. Babu yawon aljannu na banza, kowane abu yana jawo na bayansa kamar igiyar taru. Kuma ya faɗi gaskiya guda mai ɗaci: mutumin nan ba yaro yake so ba, magaji yake so, wanda zai tsare masa dukiya kada ta watse. Ya nemi ɗa yadda ake neman doki a kasuwa, bai damu da wanda ya taka a hanya ba. Laifin da ya yi tun yaro bai zo duniya ba shi ya komo ya ci shi.

Amma ina amfanin maganin nan? Shi ne ya ɓata mini littafin. Da ma an bar asiri waje, da labarin ya tsaya da ƙafafunsa: ɗa tilo, wanda aka samu bayan an fid da rai, a gidan da kuɗi suka yi yawa, wa zai ce masa bari? Kowa a unguwarsu ya san yaro irin wannan, ba wanda ya ba shi kome a nono. Da aka shigo da magani sai aka sauke wa uban rabin kayansa. Mai karatu ya rufe littafi yana cewa, Allah sarki, sammu aka yi wa yaron. Wannan kuwa ita ce maganar da muka fi so mu ji. Yaro ya ɗauke kuɗin cefane, sai a ce hannu aka sa masa. Ya ƙi makaranta, sai a ce maƙiya ne. A tafi wurin mai duba a kashe abin da ya isa sayen buhun shinkafa, ba a taɓa zama an tambaya ba, yaushe rabon da uban ya kira shi su ci tuwo ƙwarya guda? Littafin da aka buga domin ya buɗe wa mutane ido bai kamata ya miƙa musu wannan mafaka ba. Ga wanda zai ce ai mutanen lokacin sun gaskata da sammu, marubuci kuwa abin da ke akwai yake rubutawa, sai in ce na yarda, a bar Abubakar ya je ya nemo maganinsa, wannan halin mutum ne. Amma da an bar mu cikin shakka, ko maganin ne ya ci ko shagwaɓa ce, da kowane uba ya kwana yana tunani.

Adalci ya wajaba a yi wa marubutan nan. Akwai dalilan da suka sa uba ya yi ƙaranci a shafukansu, ba kuwa duka ne laifinsu ba. Labarin yawon duniya yana son maraya, domin yaron da ubansa ke tsaye a kansa ba ya zuwa neman ruwan Bagaja, gona za shi. Har wa yau zamanin da suke ba da labarinsa zamanin hari ne, sa'ad da mutum zai fita da safe ya komo ya tarar babu iyalinsa. Bayan wannan ga al'ada. Mu nan uba yana kunyar ɗan farinsa, ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi gaban mutane, sau da yawa ma kakanni ko wani ɗan'uwa ake ba riƙonsa. In ya isa karatu a damƙa shi ga malam, malam ya tafi da shi gabas. Wanda ya nuna son ɗansa a fili sai a ce ba shi da ta ido. Marubutan nan cikin wannan suka tashi, kunyar da ke hana uba ɗaukar ɗansa a dandali ita ta bi su har kan takarda. Shi ya sa aku ya iya abin da Sarki bai iya ba: tsuntsu ba ya kunyar ɗan fari.

Duk da haka kunya ba ta hana koyarwa, a nan ne suka bar gona ba shuka. Uban da ba ya kiran sunan ɗansa, shi ne dai yake tashinsa da asuba su nufi fadama. Ni ban taɓa jin mahaifina ya yabe ni ba, Allah ya jiƙansa. Amma na tuna ranar da ya miƙo mini homa mai ɓaraka ba tare da ya ce uffan ba, ya zauna nesa kaɗan yana gyaran tasa a hankali yadda zan ga yatsunsa. Na ɗinka, ya karɓa ya ja, ta warware, ya miƙo mini kuma. Sau uku. A na huɗu ya ja ba ta warware ba, sai ya rataye ta tare da nasa. Ban san an yi mini yabon da ya kai wannan ba har yau. A haka yaro yake koyon inda giwan ruwa take kwanciya, da lokacin da ruwa ke janyewa a fara shirin shinkafa, da dalilin da ya sa in Sarkin Ruwa ya hana su a Matan Fada ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da aka buɗe. A haka yake koyon cewa ba a taɓa kifin da ke cikin gorar wani. Duk wannan tarbiyya ce, ba a kuwa yi ta da jawabi ba. Da hannu aka yi ta, da shiru, da maimaitawa. Abu ne mai wuyar rubutawa, na sani, ya fi yaƙi da aljannu wuya. Amma wanda ya iya sa aku ya yi magana dare bayan dare ba mu ƙosa ba, da ya so da ya iya sa masunci ya yi shiru mu ji abin da yake nufi.

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin ofis ya san yadda ake rubuta mutum: wane ɗan wane. Sunan uba yana bin mutum zuwa makaranta, da asibiti, da gaban alƙali. A takarda uba rabin sunan mutum ne. A littattafan hirarmu na farko ma kusan haka yake, suna ne da ake jinginawa, da gadon da ake karɓa, da kunyar da ake wankewa.

Saura magana guda wadda na bari da gangan sai yanzu, ita ce ta 'ya'ya mata. Duk abin da na lissafa a sama tsakanin uba da ɗa namiji ne. Sarki Abdurrahman yana da 'ya tun kafin Musa, ita ce ma ta haifi Mahmudu, amma baƙin cikinsa irin na wanda bai taɓa haihuwa ba ne, labarin kuwa bai ga abin tsayawa a nan ba. A Jiki Magayi an bi Malam Shaihu har kabari, an bi Abubakar har ƙarshensa, an bi Kyauta. Gidan da aka karɓi dukiya aka juya wa yarinya zuciya fa? Nan ne aka fara ƙulla masifar duka, da sun ce a'a da babu labari. Amma littafin ya wuce su kamar ba su yi kome ba. Ni ma na karanta shi ba sau ɗaya ba ban lura ba.

Wani dattijo ne ya nuna mini, manomin shinkafa, wanda ya koyi boko da furfura a gemunsa. Da ya sami takardar shaidarsa ya ari Jiki Magayi, ya yi kwana bakwai yana karanta wa iyalinsa bayan sallar lisha, yana bin baƙaƙe da yatsa. Ya ce daren da ya kai ƙarshe kowa ya yi tsit, matan suna ta salati sabo da mutuwar tsohon. Can sai 'yarsa, wadda aka riga aka kawo kuɗin gaisuwarta daga wani gida da ba ta so, ta yi magana daga bayan uwarta, murya ƙasa ƙasa, ta ce, "Baba, shi uban Zainabu me ya same shi?"

Ya ce ya juya shafi gaba, ya juya baya, bai sami amsar da zai ba ta ba. Da ya mayar mini da littafin na tambaye shi maganar auren. Ya ce tukuna, an dakata.